Daga Indabo Zuwa Zanzibar: Lissafin Hutun Mako Guda

Wata Juma'a da yamma, bayan an watse daga kasuwar shanu ta Wudil, wani aminina mutumin Indabo, wanda ya kusa shekara talatin yana fataucin dabbobi tsakanin Kano da Ikko, ya ja ni gefe ya ce yana da magana. Na zaci batun bashi ne ko na aurar da 'ya, domin a kansu ne dattawa suka fi rage murya. Sai na ji ya ce, "Malam, hutu nake so in tafi, ni da Hajiya. Mako guda kawai, inda ba wanda ya san ni, inda zan zauna in kalli teku, ba in hango shi daga kan gada ina saman tirela ba."

Da na nemi jin dalili, sai ya ce likita ya auna shi ya tarar jininsa ya hau, ya kuma gaya masa cewa ƙwayar magani kaɗai ba za ta wadatar ba muddin bai sassauta wa kansa ba. Ban da wannan, ya ce ya zauna ya yi nazari ya ga cewa tun da ya auri Hajiya, in ka ɗebe aikin Hajji, ba ta taɓa fita daga gida ba sai don biki, ko dubiya, ko gaisuwar mutuwa. Wannan hira ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata akwai ire-irensa da yawa masu wannan buri, amma kunya da rashin sanin hanya sun hana su furtawa.

Ko shakka babu Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Kakanninmu sun bi ayari zuwa Gwanja neman goro, sun ƙetare Sahara ta Agadas har Tarabulus, sun taka a ƙasa ta Chadi da Sudan zuwa Makka, wasu ma suka yada zango a can har jikokinsu suka zama 'yan ƙasa. Ga almajirai masu tafiya gabas, ga 'yan ci-rani. Sai dai duk waɗannan tafiye-tafiye da abin da ake nema a ƙarshensu, ko riba, ko lada, ko ilimi. Tafiyar da mutum zai yi don jikinsa da zuciyarsa su huta, ita ce ba mu saba da ita ba. Hasali ma sunan da muka ba ta, wato yawon buɗe ido, ya fara ne da kalmar "yawo", wadda ba a yabon mutum da ita a ƙasar Hausa.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da Alhaji ya gaya mini abin da kawunsa ya ce da ya ji labari: "Ɗana, kuɗin da za ka je ka zubar a ruwan gishiri, ai sun sayi shanun huɗa har da garma." Maganar dattijon ba abin yarwa ba ce. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dalar da ba ta kai Naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, kuma kusan duk abin da ya shafi irin wannan tafiya da Dala ake lissafa shi. Saboda haka sharaɗin farko da na gindaya wa aminina shi ne, ba a tafiya hutu da kuɗin bashi, ba a taɓa jari, ba a jinginar da gona. Sai rumbu ya cika, an biya kuɗin makarantar yara, an fitar da zakka, an sauke haƙƙin wanda ke bi, sannan a duba abin da ya yi saura. Wanda bai kai nan ba, hutunsa na nan kusa, a bakin madatsar Tiga ko a Yankari, kuma ba abin kunya ba ne. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ga wanda Allah Ya hore wa, kuma yake son tsibiri a fitarsa ta farko, ban ga wurin da ya fi dacewa da mutumin Kano kamar Zanzibar ba. Yanki ne na ƙasar Tanzaniya da ke cikin Tekun Indiya, mai manyan tsibirai biyu, Unguja da Pemba, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanensa sun kusa miliyan 1.9, mafi yawansu Musulmi. Baƙo ba zai sha wahalar neman masallaci ko abincin halal ba. Harshensu na Swahili ya sha daga Larabci kamar yadda Hausa ta sha, ta yadda kunne zai riƙa tsintar kalmomi irin su dunia, sukari, sabuni, habari, Alhamisi da Ijumaa ba tare da tafinta ba. Tarihinsu ma ya yi kama da namu ta wata fuskar: garin fatauci ne da ya yi ƙarnoni yana hulɗa da Larabawa da Farisawa da Indiyawa, ya zama mazaunin Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, a ƙarni na 19, Ingila ta mayar da shi ƙarƙashin kariyarta a 1890, ya sami 'yanci a Disambar 1963, aka yi juyin juya hali a Janairun 1964, sannan ya haɗe da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilun wannan shekara aka sami Tanzaniya.

To, mai karatu, ta ina ake farawa? Yawancin mutane da farashin tikiti suke farawa, alhali kuwa takardu ne ya kamata su zo gaba. Alhaji da ya ɗauko fasfonsa na aikin Hajji, sai ya tarar wa'adinsa ya ƙare tuni. Daga ranar 1 ga Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma Naira 200,000, ga wanda ya nema a cikin gida. Ana kuma bukatar a ce fasfon yana da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare a ranar da za a shiga ƙasar.

Sai biza, wadda a kanta ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. 'Yan ƙasashe da dama kan karɓi bizar Tanzaniya a filin jirgi, amma Nijeriya da Nijar suna cikin jerin ƙasashen da ba a yi wa haka. Dole ne a nema ta intanet tun daga gida, a jira amincewar shugabannin hukumar shige da fice ta can. Shawarar da hukumar ke bayarwa ita ce a nema kamar wata biyu kafin tafiya, kuma kada a sayi tikiti sai amincewa ta fito. Duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi ka hau jirgi, za a gyara komai in ka sauka, to ka riƙe aljihunka ka yi masa sallama. Alhaji yana da ɗa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, shi na ce ya sa ya cike takardun a shafin hukumar kai-tsaye.

Akwai kuma katin rigakafin cutar shawara, wanda ake nema daga duk matafiyin da ya fito daga Nijeriya. Ana yin allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, ana samun katin a ofishin lafiya na filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kuma tun daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Bugu da ƙari, daga ranar 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya ta Dala 44 daga kamfanin inshorarta, ko da kuwa yana da wata daga gida. Mai hawan jini irin Alhaji kuma sai ya ga likitansa kafin tafiya, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙari, ya sa shi a jakar hannu tare da takardar likita.

Abu na biyu shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan dole a haɗa kalandar gida da ta can. Zanzibar tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka yanayinsu ya saɓa da namu. Babbar daminarsu, wadda suke kira masika, tana kamawa daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba. Lokacin da Turawa suka fi yabo shi ne Yuni zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ya ɗauke kuma iska ke da sanyi. Amma wane manomin Indabo ne zai bar gona tsakanin shuka da girbi ya tafi kallon teku? Mai fataucin dabbobi ma ba zai motsa ba a makonnin da ke gaban Babbar Salla. Ƙarshen Disamba kuwa lokacin Kirsimeti ne da sabuwar shekara, kuɗin masauki kan yi tashin gwauron zabo. Sai kuma azumi, wanda a 2026 ya kama a bayan tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. In aka tace duk waɗannan, abin da ya rage wa Alhaji shi ne tsakiyar Janairu: amfanin gona ya shiga rumbu, mu muna fama da hunturu da ƙura, su kuma suna cikin rani mai zafi da sararin sama garau. Ya kamata kuma a saurari labarai kafin a tsayar da rana, domin tarzomar da ta biyo bayan zaɓen Tanzaniya na Oktoban 2025 ta nuna cewa lokacin zaɓe ba lokacin baƙunta ba ne a ko'ina.

Abu na uku, hanya da guzuri. Babu jirgin da ke tashi daga Kano kai-tsaye zuwa tsibirin. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Adis Ababa a jirgin Ethiopian Airlines, a sauya jirgi zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume da ke Unguja. Wanda ya sauka a Darussalam kuma zai iya ƙarasawa a jirgin ruwa mai gudu cikin kimanin awa biyu. Ko ta ina aka bi, yini guda zai tafi a zuwa, wani a dawowa. Ke nan hutun mako guda kwana biyar ne a zahiri, kuma da biyar ɗin ya kamata a yi tsari.

Tikitin mutum biyu kaɗai zai haura kuɗin bijimi mai kyau a kasuwar Wudil, don haka na shawarci Alhaji ya rubuta komai a takarda gida-gida: tikiti, takardu, masauki, abinci, zirga-zirga, kuɗin shiga wurare, tsaraba. In ya haɗa jimla, sai ya ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai na ko-ta-kwana, wanda ba za a taɓa ba sai dole. Kada a dogara da katin banki kaɗai, domin bankunanmu sun dakatar da amfani da katin Naira a waje a 2022, wasu suka dawo da shi a 2025 tare da ƙayyade adadi. A riƙe Dala sababbin bugu, saboda masu canji a can kan ƙi tsofaffin takardu, a kuma canza zuwa Shilin ɗin Tanzaniya, tun da a Maris na 2025 ƙasar ta kafa dokar cewa cinikin cikin gida da kuɗinta za a yi. Wani ƙaramin abu da kan ba baƙo kunya shi ne leda: tun daga Yunin 2019 an haramta shiga ƙasar da ita.

Gidan da na ja wa Alhaji kunne a kansa ƙwarai shi ne na tsaraba. Mun sha ganin wanda ya dawo daga tafiya da akwatuna shaƙe, sannan ya shekara yana biyan bashi. Zanzibar ƙasar kayan ƙamshi ce. Kanumfarin da matanmu ke zubawa a kunu da zoɓo shi ne ya yi wa tsibiran suna a duniya, musamman Pemba. Ƙullin kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi ga kowane gida, da zanen kanga ɗaya ko biyu ga iyaye mata, sun isa a ce an gode.

Yadda za a raba kwanakin kuwa, ga abin da muka tsayar. Kwana biyu na farko a tsohon birni, wanda suke kira Mji Mkongwe, wato Stone Town, da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Wanda ya saba da lungunan Kurmi ba zai ji baƙunta ba a cikin ƙananan hanyoyinsa, sai dai zai tsaya kallon manyan ƙofofin katako masu sassaƙa. Zai ga kasuwar Darajani, ya ga gidan sarauta na Beit al-Ajaib da aka gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, da daddare kuma ya ci gasasshen kifi a dandalin Forodhani da ke bakin ruwa. Ya kamata kuma ya je inda kasuwar bayi take a da, wadda aka rufe a 1873 aka gina majami'a a wurin. Ba wurin nishaɗi ba ne, amma Bakano da ya san cewa an sayar da mutane a kasuwanninmu, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, zai fito da abin tunani.

Rana ta uku a ziyarci gonar kayan ƙamshi da safe, ko a shiga kwale-kwale zuwa ɗan tsibirin Changuu a ga manyan kunkuru da aka kawo asalinsu daga tsibiran Seshel a 1919. Mai sha'awar tarihin Musulunci kuma ya nufi Kizimkazi a kudu, inda akwai masallaci mai ɗauke da rubutun Kufi na shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107 Miladiyya, fiye da ƙarni biyu kafin zamanin Sarki Yaji da Wangarawa suka zo Kano. A hanya akwai dajin Jozani mai jajayen birai. Sauran kwana biyun kuma na ce kada a rubuta musu komai. A koma bakin teku, a yi barci, a yi hira, a taka yashi da sassafe. Wanda ya cika kowace rana da zirga-zirga zai dawo gida ya fi yadda ya tafi gajiya.

Wajen zaɓen masauki a bakin teku akwai abin lura. A gabashin tsibirin, irin su Paje da Jambiani, ruwa kan janye nesa ƙwarai sau biyu a yini, har mata su shiga su yi aikin noman ciyawar teku, sannan ya dawo. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta da yawa, amma can ne masu yawon buɗe ido suka fi cika, da kiɗa da giya da shigar da ba ta dace da idonmu ba. Fiye da baƙi 600,000 ne suka shiga Zanzibar a 2023, galibinsu daga Turai. Mai tafiya da iyali sai ya tambaya tun kafin ya biya: ana sayar da giya a wurin? Akwai masallaci kusa? Ƙananan masaukai na 'yan gari sun fi sauƙin kuɗi, sun kuma fi kusa da tarbiyyarmu.

Ruwan kansa a ba shi girmansa. Wanda ya koyi iyo a kogin Wudil kada ya ɗauka ya san teku, domin igiyarsa da jansa daban ne. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, kada kuma a ji kunyar neman rigar kariya. Mutanen Zanzibar ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse da ɗaruruwan mutane tsakanin Unguja da Pemba a Satumban 2011 ba, kamar yadda mu ma ba mu manta da hatsarin kwale-kwalen Bagwai na Nuwamban 2021 ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da za su ba mutumin Kano mamaki. Mu a nan in an ce gabas an ce alƙibla, amma Zanzibar tana kudu da Makka ne kusan saiti ɗaya, don haka arewa suke fuskanta a salla. Yawancinsu kuma mazhabar Shafi'iyya suke bi, akwai 'yan Ibadiyya, saboda haka in an ga ɗan bambanci a masallaci ba abin gardama ba ne. Na biyu shi ne agogo. Suna gabanmu da awa biyu, sannan a Swahili daga fitowar rana ake fara ƙirga lokaci, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. In direba ya ce zai zo da "saa mbili", ƙarfe takwas yake nufi. A tantance da kyau, kada jirgi ya tashi ya bar mutum.

Duk waɗannan Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai. Inda ya yi shiru shi ne da na tambaye shi, "Alhaji, wa za ka bar wa kasuwa?" Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi tun da ya fara sana'a ba a taɓa loda mota ba ya wurin ba, ko yana waya. Ƙaninsa ya shekara goma sha biyar tare da shi, amma bai san wa ake bi ba, bai san wa ke bin su ba, domin littafin duk yana cikin kan Alhaji.

A ganina wannan ne shiri mafi wuya, ya fi biza, ya fi kuɗin tikiti. Sau nawa muka ga attajiri ya kwanta dama, kafin a yi sadakar arba'in dukiya ta watse, saboda bai taɓa sakar wa kowa ragama ba ko da na yini guda? Sana'ar da ba za ta iya kwana bakwai ba mai ita ba, tana cikin haɗari ko ya tafi hutu ko bai tafi ba. Tafiyar mako guda dama ce ta gwada ƙani da ɗa tun mutum yana da rai da lafiyar da zai dawo ya gyara kuskurensu. Haka ma a cikin gida, Hajiya za ta ga ko 'ya'yan da ta rena za su iya riƙe tukunya da tarbiyyar ƙannensu. In kuwa mutum zai tafi ya zauna a bakin teku da waya a kunne yana cinikin shanu daga safe har dare, gara ya bar kuɗinsa ya yi zamansa a Indabo.

A makon jiya na sake haɗuwa da shi. Ya sabunta fasfo, nasa da na Hajiya. Ya ware bijimai biyu yana kiwo, ya ce su ne kuɗin tafiya, in sun kai a tafi, in ba su kai ba a jira wata shekarar. Ya sayi babban littafi ya sa ɗansa yana rubuta masa basussuka, kuma Juma'a biyu ke nan ƙaninsa ne ke tsayawa a kan ciniki shi yana zaune a rumfa yana kallo. Kawunsa bai sauya ra'ayi ba, amma ya ce in an je a taho masa da kanumfari.

Ko tafiyar ta yiwu a wannan Janairu ko ba ta yiwu ba, ni dai na ga amfanin da shirinta ya riga ya yi wa wannan gida. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, amin.